Sunana a Layi na Huɗu

Ni mutum ne mai zargi, kuma tun ina yaro aka san ni da haka. Innarmu takan ce ko kunu aka miƙo min sai na leƙa gindin ƙwaryar kafin in kurɓa. Zaman Dubai bai rage min wannan hali ba, ƙara shi ma ya yi, don gari ne da za ka shekara biyu kana kwana ɗaki ɗaya da mutum ba ka san ƙofar gidan ubansa ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san irin wanda ke ba da labarin. Ni na sa aka kori wani bawan Allah daga ɗakinmu, kuma a kan takarda da fensir.

Mu shida ne a filat ɗin da muke haya, a unguwar Al Qusais, dukkanmu 'yan Arewa. Wanda ya kama gidan da sunansa wani dattijo ne mai aikin kargo a unguwar 'yan kasuwa ta Deira, Alhaji kawai muke ce masa, kuma in ya yanke magana ta yanku. Ni ina kula da sito a wani kamfanin kayan gyaran mota. Abokin ɗakina Bazazzagi ne, injiniyan na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya yi karatunsa na biyu a Japan kafin aiki ya kawo shi nan. Ran da ya iso da jaka ɗaya, fuska duk ta yi zuru-zuru, ni na zuba masa shinkafa da wake da mai da yaji, na ce, "Ci, bawana, na san a Zariya ba ku saba ganin abinci da yawa haka ba." Ya yi dariya ya ce, "Bakano ke nan, ko sallama aka yi maka sai ka nemi ragi." Daga ranar kwano ɗaya muke ci.

Mutum ne mai shiru-shiru. Ni kuwa ban taɓa yarda da mai shiru ɗari bisa ɗari ba, amma shi na ɗaga masa ƙafa, don yana da tsafta, ba ya taɓa kayan mutum, kuma in na yi barci na bar fitila shi ke tashi ya kashe.

Wajen ƙarshen zafin wata shekara ya canza. In ya dawo aiki bayan la'asar, maimakon mu zauna a falo mu yi musun ƙwallo, sai ya haye gado ya juya wa ƙofa baya, ya jingina waya da matashi, ya toshe kunnuwa. A kan gwiwarsa akwai wani littafi mai faɗi, koren bango, da fensir biyu, ɗaya a hannu ɗaya a bayan kunne. Zai yi shiru, ya yi shiru, sai ka ga ya ɗan gyaɗa kai ya yi wani ɗan zane. Da na shigo sai ya rufe littafin ya tura ƙarƙashin matashi. Ran Juma'a kuma, da an sallame, ba ya biyo mu Deira cin shinkafa kamar da. Sai ya ce yana da wani ɗan uzuri, ya shiga jirgin ƙasa na metro ya ɓace sai magariba.

Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce, "Wasa ne, ba za ka gane ba." Wannan "ba za ka gane ba" ta tsaya min a rai. Ni da na gane lissafin kaya dubu a sito, wane wasa ne zai gagare ni?

To, a daidai lokacin ne abubuwa suka fara cakuɗe min. Manajanmu, wanda da ba ya wuce ni sai ya ce habibi, ya koma ko kallona ba ya yi, ya mayar da ni sashen tayoyi inda zafi ya fi yawa. Ciwon kai ya sa ni gaba, ɓari ɗaya, kullum da hantsi. Wayata ta faɗi fuskarta ta tsage. A satin kuma aka ƙara wa Bazazzagi girma a wurin aikinsa, ya shigo mana da dabino da lemo. Na ci dabinon, na yi masa murna da baki, amma raina yana ta ƙulle-ƙulle.

Wata Asabar da safe ya fita, na ɗaga matashinsa. Na daɗe ina gaya wa mutane abin yankan farce na je nema. Ƙarya nake yi, littafin na je nema.

Da na buɗe sai da na zauna a bakin gado. Kowane shafi an raba shi gida-gida, layi a tsaye layi a kwance. A cikin kowane gida akwai ɗan murabba'i da aka tsayar a kan tsininsa. Wasu an bi gefe ɗaya da fensir an bari, wasu gefe biyu, wasu kuma an cike su baƙi ƙirin. Ga lambobi da ɗan layi a tsakaninsu, ga harafin K birjik, wasu a daidai wasu a juye suna kallon baya. A shafukan farko akwai wani rubutu da ba boko ba, ba ajami ba, kamar sawun kaji. Ni kakana malami ne, a zaurensa na tashi, na ga hatimi iri-iri a kan allo da takarda tun ban san amfaninsu ba. Ba wanda zai nuna min gida-gida da lambobi ya ce min wasa ne.

Ban gama tsorata ba sai da na kai shafukan baya. A gefen hagu, inda aka jera sunaye tara daga sama zuwa ƙasa, sai ga namu. Alhaji, sauran 'yan gidan, mai shagon ƙasan bene da yaronsa, har da direban motar kamfaninmu da yake zuwa ɗaukata. Sunana yana layi na huɗu, da na mahaifina a gefensa. Na bi layin da yatsa. Nawa ya fi na kowa baƙi. Na buɗe shafi na gaba, haka. Na gaba, haka. Shafi bakwai na ƙirga, kullum ni ne na huɗu, kullum gidajena a cike.

Na ɗauki hotuna da tsagaggiyar wayata na tura wa kawuna a Kano. Shi ba malami ba ne sosai, amma shi ya gaji littattafan kakanmu, don haka duk dangi shi ake kai wa irin wannan. Bai yi minti goma ba ya kira.

"Kai, ina ka samo wannan?"

"Ƙarƙashin matashin wanda muke kwana ɗaki ɗaya, Kawu."

Ya yi salati a hankali. Ya ce hatimi ne, ba ko tantama, amma ba irin namu ba ne, na ƙetare ne, kuma waɗannan sun fi wuyar karyawa. Na ce masa abu ɗaya ke ɗaure min kai, na san masu wannan aiki sunan uwa suke nema, shi kuwa na uba ya rubuta. Kawu ya ce kowace ƙasa da tsarinta. Na karɓi wannan amsa da hannu biyu, don ita nake so. Da na tsaya na yi tunani, da na tuna mu biyu ne masu suna ɗaya a gidan, dole ya bambanta mu. Ban tsaya ba.

Kawu ya ce in nemo garin magarya da gishiri in jiƙa littafin, in yi ta karanta abin da ya sawwaƙa a kai. Na sauka Deira a ranar na sayo magarya a shagon masu kayan ƙamshi. Na cika bokiti a banɗaki, na tsoma littafin, na danna shi da hannu. Takarda ta jiƙe ta yi laushi, amma rubutun ko gezau. Na san tawadar allo da ta ji ruwa take sakin jiki. Wannan ta ƙi. Ban ce a raina ai fensir ne ba, cewa na yi lallai aikin ya kama da ƙarfi. Na yage shafi guda mai sunayenmu na shanya a bayan firji don shaida, sauran na dagargaza su na zuba a shara.

Da yamma na sami Alhaji shi kaɗai na ajiye masa shafin. Ya sa tabarau, ya nemo sunansa, ya same shi a layi na tara, can ƙasa. Na ga wuyansa ya kumbura.

"Ni ya sa a ƙarshe?"

"Kai ne a ƙasa, Alhaji. Ni kuma dubi yadda ya baƙanta ni."

Ya ce kwantenarsa biyu sun maƙale a tashar ruwa wata guda ke nan, yanzu ya gane dalili. Kafin Bazazzagi ya dawo, duk gidan ya ji. Kafin Juma'a, rabin Hausawan Deira sun ji, don Alhaji ba ya iya shan shayi bakinsa a rufe.

Bazazzagi kuwa ya dawo ya ɗaga matashi, ya duba ƙarƙashin gado, ya zazzage jakarsa. Ya tambaye ni ko na ga wani koren littafi. Na ce ni ba mai gadin littafi ba ne. Ya dube ni, ya ci gaba da nema. Da aka zuba abinci na ɗauki nawa a wani kwano daban na fita falo. Kwana shida muka yi haka, ina kwana da addu'a a baki, ina juya takalmana in duba ciki kafin in sa.

Ran Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya tara mu a falo. Ya ajiye shafin a kan tebur, ya yi tauri ya lanƙwashe saboda gishiri.

"Malam, mene ne wannan?"

Bazazzagi ya ɗauka, ya juya shi, ya ga abin da aka yi masa. Ya ce, "Ina sauran?"

"Tambayarka na yi."

Bazazzagi ya ce takardar lissafin wasa ce, wani wasa da ake kira besbol, wanda ake buga ƙwallo da sanda a zaga fili. A Japan ya koya. Ya ce za a yi wasan ƙwararru karo na farko a garin nan, ba a taɓa yi ba, ana neman masu taimaka wa mai rubuta sakamako, ya nema an ɗauke shi. Shi ne yake kallon tsofaffin wasanni a waya yana bi da fensir, ran Juma'a kuma yana zuwa horo. Ya ciro waya ya nuna mana wasu mutane da huluna suna gudu.

Alhaji ya kalla ya ture wayar. Ya ce, "Na ga masu gudu. A cikinsu wanne ne ni?"

Bazazzagi ya ce a hankali, wani lokaci in ya gaji da kallo yakan ƙirƙiri wasa a kansa don hannunsa ya saba, sai ya sa sunayen mutanen da ya sani. Gwaji ne kawai.

Na ce, "Gwaji a kanmu ke nan."

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Kai ma?" A lokacin gani nake na kama shi dumu-dumu, har wani daɗi nake ji a ƙirjina, irin na wanda ya daɗe yana faɗa ba a yarda ba.

Alhaji ya ce shi ba zai tsawaita ba. Ƙasar nan ba a wasa da maganar sihiri, in ta kai ga hukuma ɗauri ne da kora, biza ta tafi, aiki ya tafi, kuma gidan da sunansa yake, ba zai bari a jawo masa ba. Ya ba shi zuwa Juma'a mai zuwa ya nemi wani wuri. In ya wuce haka, da kansa zai kai takardar ofishin 'yan sanda. Khalas, magana ta ƙare.

Bazazzagi bai kai Juma'ar ba. Ran Talata na dawo aiki na tarar da gadonsa a gyare, ba jaka, ba darduma. A kan matashina ya ajiye tikiti guda na shiga filin wasa. Ban taɓa shi da hannu ba. Cokali na ɗauko na ɗaga shi na jefa a leda, na rataye a bayan ƙofa. Tikitin ya yi kusan wata uku a nan, har sanyi ya fara shigowa.

Abin da ya kai ni filin ba nadama ba ce, kada in yi wa kaina ado. Ciwon kaina bai tafi ba duk da Bazazzagi ya bar gidan, manaja bai sake ba, sai na fara tunanin ko daga nesa yake ci gaba da aikin. Na ce bari in je in ga ƙarshen ƙaryar. In na tarar ba wasa, ko akwai wasa amma ba shi, to ni da kaina zan karɓi takardar a hannun Alhaji in kai inda ya kamata.

Filin wani wasa ne da ake kira kurket aka gyara, can bayan gari, sai da na hau metro na sauka na shiga bas. Na isa bayan la'asar. Jama'a ta taru, Indiyawa da 'yan Pakistan da Filifinawa da Turawa da Larabawa da 'ya'yansu, ana ta kiɗa ana sayar da huluna. Mai magana a lasifika yana ta nanata cewa yau ana kafa tarihi. Na ce a raina, to, wasa dai akwai. Amma ai mai wayo ba ya ƙarya da abin da babu, da abin da yake akwai yake fakewa.

Na sami kujerata can sama. Na dubi filin, sai gabana ya faɗi. Daga inda nake, an zana wani babban murabba'i a ƙasa, a tsaye a kan tsininsa, da farin abu a kowace kusurwa. Shi ne dai wanda na gani ɗari-ɗari a littafin. Wallahi tunanin da ya fara zo min shi ne, ashe abin nasu babba ne, har fili suka zana.

Aka fara. Ban fahimci komai ba. Wani ya jefa ƙwallo, wani ya kai mata sanda ya kuskure, jama'a ta yi ihu. Wani ya buga, ya yar da sandar ya ruga. A kujerar da ke gabana akwai wata tsohuwa Baturiya, gashinta fari fat, da jaka a cinya. Ta buɗe jakar ta ciro littafi mai faɗi da fensir. Na leƙa ta kafaɗarta, kamar yadda na saba leƙa kayan mutane. Gida-gida. Sunaye tara a hagu. Ɗan murabba'i a kowane gida.

Na bar kallon fili na koma kallon hannunta. Wani ya kai sanda sau uku bai samu ba ya koma ya zauna, ta rubuta K. Wani ya tsaya ƙyam ƙwallo ta wuce shi, alƙali ya ɗaga hannu, ta rubuta K a juye. Wani ya buga ya ruga kusurwar farko ya tsaya, ta bi gefe ɗaya da fensir. Can wani ƙato ya zo ya maka ƙwallon ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo, filin ya ɗauka gaba ɗaya, ƙaton ya zaga kusurwa huɗun yana ɗaga hannu, abokansa suka fito suna rungumarsa. Tsohuwar ta sunkuya ta cike gidansa baƙi ƙirin, a hankali, tana murmushi.

Na taɓa kafaɗarta. Na tambaye ta da Turancin sito, wannan baƙin fa? Ta ce ci ne, shi ne abin da kowa ya zo nema. Na ce, to mutumin da yake layi na huɗu? Ta ce a al'ada nan ake sa wanda aka fi dogara da shi, don in na gabansa sun maƙale a fili shi ake sa ran zai kwaso su. Ta ce tun tana yarinya mahaifinta ya koya mata, ta tambaye ni ko ina so in gwada. Na ce a'a, na gode.

Ban san yadda sauran wasan ya tafi ba. Na fita na yi magariba a wani lungu, na dawo na zauna kamar an dasa ni. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum ya ji zafi a bayan kunne. Duk da haka, don a san halina, sai da wani ɓangare na zuciyata ya ce, to ai ba ka ga Bazazzagi ba tukuna. Na tashi na zaga ina duba, har na hango wani ɗaki mai gilashi a saman rumfa. Mutum uku ne a ciki. Na gefen dama baƙi ne siriri, ya sunkuya, fensir ɗaya a hannu ɗaya a bayan kunne. Bai ɗago ba ko sau ɗaya, ni ma ban yi ƙoƙarin ya gan ni ba.

Washegari sakamakon ya cika waya. Ba wanda ya ci da wanda aka ci kawai ba, kowane ɗan wasa da layinsa: sau nawa ya tsaya da sanda, sau nawa ya samu, sau nawa ya zago, wa ya yi kuskure, mai jifa mutum nawa ya zaunar. Aka ce wannan lissafi zai zauna a ajiye, duk wanda ya zo bayan shekaru yana son sanin yadda aka fara a ƙasar nan, shi zai duba. Ni da ban san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba na karanta shi daga sama har ƙasa sau biyu a sashen tayoyi. Abin da nake gani a ciki hannun mutumin da na kora ne.

Na kai wa Alhaji. Na ba shi labarin tsohuwar, na nuna masa hoton filin daga sama. Ya kalla ya ce, to, ya ji, amma ko wasa ne me ya sa shi a ƙarshe? Kuma kwantenarsa ai sun fito sati biyu bayan yaron ya bar gidan, wannan fa? Gadon ma ya riga ya ba ɗan ƙanwarsa. Na sauka Deira na bi shagunan da na san maganar ta shiga, ɗaya bayan ɗaya, ina warwarewa. Suna saurarona suna gyaɗa kai. Wani mai sayar da atamfa ya jira na gama ya ce, "Allah sarki, kai ma ya gama da kai ke nan." Har yau in aka ambaci Bazazzagi a can, sai wani ya ce, wane, mai hatimi? Ciwon kaina kuwa, likita ya ce tabarau nake buƙata.

Sai da na yi sati uku kafin na sami inda yake. Ɗaki ne a wani tsohon bene, shi da wasu Filifinawa uku, ba Bahaushe ko ɗaya, don ba gidan 'yan Arewa da ya yarda ya karɓe shi. Na je da rana, ran Asabar, da kwanon shinkafa da wake a leda. Ya buɗe ƙofa ya amsa sallamata cikakkiya, ya ba ni kujera. Na so in ce bawana, bakina ya ƙi.

Na ce, "Na je wasan."

Ya ce, "Na sani. Ni na zaɓi kujerar, ana hango ta daga sama."

Na ba shi haƙuri. Na faɗi komai, matashin, Kawu, bokitin, cokalin. Bai katse ni ba. Da na zo kan bokitin ne kawai ya rufe ido. Ya ce shafukan farkon nan masu rubutun Japan, na wani tsoho ne mai gadin filin makarantarsu, wanda ya zaunar da shi ya koya masa lokacin da bai san kowa ba a ƙasar. Tsohon ya rasu. Ya faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba, ni kuwa da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ya jawo wata jaka ya ciro kwafin takardar wasan ranar, an lulluɓe ta da leda mai kauri. Ya ɗora a gwiwata ya bi da ni gida-gida. A takarda ɗaya ya sake buga min wasan gaba ɗaya, wanda ya yi sakaci, wanda ya ceci 'yan'uwansa, inda abin ya juya. Muryarsa ta saki, har ya fara dariya yana nuna min wani kuskure da suka yi gardama a kai a ɗakin gilashi. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba.

Na ce, "Me ya sa kake rufewa in na shigo?"

"Don na san bakinka. Da ka gani da na shekara ina shan tsiya, a ce Bazazzagi ya zo Dubai yana zanen gidan dara."

"To ni me ya sa ka sa ni na huɗu?"

Ya mayar da takardar cikin jaka. Ya ce, "Kai ka ba ni abinci ran da na zo."

Na ce zan yi wa Alhaji magana kuma, ko mu nemi ɗaki mu biyu, ni zan bar can. Ya ce a'a, nan ya ishe shi, mutanen ba sa taɓa masa kaya. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Kwanon yana gefensa a ƙasa, bai buɗe ba, ya ce ya riga ya ci.

Da na tashi tafiya, don dai kada in fita haka, na ce ya koya min. Akwai wasu wasannin a gaba, in zo in zauna da fensir kamar tsohuwar nan. Ya ce ba komai. Ya ciro sabuwar takarda fara daga wani sabon littafi, ya nuna min inda ake fara cikawa, a sama, wurin sunan mai rubutu. Na ce ya rubuta min, hannunsa ya fi nawa kyau.

Ya miƙo min fensirin ta gindinsa. Ya ce, "Rubuta da kanka, Malam. Na daina rubuta sunan mutane."

Bai taɓa ce min Malam ba sai ranar. Na karɓa na rubuta a tsaye, a jikin ƙofa, na sauko na nufi tashar metro da takardar a hannu.